Yini Guda Cikin Harami

Ranar da za mu bar Madina, tun kafin kiran assalatu Baffa ya tashe ni. Na iske shi zaune a bakin gado, ya ɗora fararen mayafai biyu a cinya yana shafa su da tafin hannu. Ni na sayo su da yammacin jiya, nasa da nawa, a wani shago da ke bayan masaukinmu, inda aka jibge su cikin leda har sun kusa taɓa rufi. Auduga ce mai ɗan kauri, ba ɗinki ba ado, irin wadda ake goge jiki da ita bayan wanka.

Ya ɗago ya ce, "Ɗana, wannan tawul ne ko harami?"

Na ce, "Harami ne mana, Baffa."

Ya ce, "To wa ya mai da shi?"

Na yi shiru. Baffa ƙanin mahaifina ne, ya haura shekara 70, gwiwoyinsa sun gaji, shi ya sa aka haɗa ni da shi in riƙa tura shi a keke. Ba mutum ne mai yawan magana ba, amma idan ya jefo tambaya bai damu ka amsa nan take ba, sai ya bar ka da ita. Da ita na shiga mota, da ita na yini har Makka.

Kwana biyar muka yi a Madina, kuma duk inda muka sa ƙafa maganar tsarki ce ke tarbar mu. Ranar Asabar mun yi alwala a masauki muka tafi Ƙuba, saboda hadisin da ya ce wanda ya yi tsarki a gidansa, ya je masallacin ya yi salla, yana da lada kamar na Umra. Malaman tafsiri da yawa sun ce mutanen Ƙuba ake nufi a aya ta 108 ta Suratut Tauba, inda Allah ya yabi wasu mazaje masu son su tsarkaka. Ita kanta Madina harami ce, tsakanin dutsen Airu da dutsen Sauru. Duk na san waɗannan tun a makaranta. Abin da ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba shi ne me ke faruwa da abu idan aka ce an tsarkake shi. Me ke sauyawa, kuma a ina?

Daga Masallacin Annabi Sallallahu Alaihi Wasallam zuwa Zul Hulaifa tafiyar 'yan mintoci ce. Yanzu an fi kiran wurin Abyar Ali, yana cikin kwarin Aƙiƙ, kuma shi ne mafi nisa daga Makka cikin mikatai biyar, wato wuraren da ake ɗaukar harama, da fiye da kilomita 400 a tsakani. Sauran su ne Juhfa, Ƙarnul Manazil, Yalamlam da Zatu Irƙ. A nan Manzon Allah ya ɗauki harama a shekara ta 10 bayan Hijira, lokacin Hajjin Bankwana. Wurin yau babban masallaci ne da dogayen layukan makewayi, ruwa na zuba ko'ina, silifa na ƙara a kan jiƙaƙƙen daɓe. Maza na shiga da riguna kala-kala, suna fitowa fari fat.

Na shigar da Baffa na taimaka masa ya yi wanka. Na duba sabulun da muka zo da shi sau biyu don in tabbata ba mai ƙamshi ba ne. Na ɗaura masa mayafin ƙasa, na yafa masa na sama, sannan na yi nawa. Da na zo naɗe rigata sai na ji ƙaramar kwalbar turaren da ba na rabuwa da ita a aljihu. Na riƙe ta na ɗan lokaci, sannan na cusa ta can ƙasan jaka. Hular Baffa kuwa da kansa ya cire ta ya miƙo min. Ban tuna ranar da na taɓa ganin kansa a buɗe cikin mutane ba. Furfura ce tas, kuma sai na ga ya ƙanƙance, ya koma kamar kowa.

Malamin da ke jagorantar ayarinmu ya tara mu a farfajiya bayan mun yi nafila. Abu na farko da ya faɗa shi ne kada wanda ya zaci don ya yafa farin mayafi ya shiga harama. Ya ce za ka iya yini da shi a jikinka kana fesa turare kana yanke farce, babu komai a kanka, muddin ba ka yi niyya ba. Ya nuna matan ayarin da ke tsaye gefe cikin hijabansu na yau da kullum, wata kore, wata ruwan toka, ya ce su ma yanzu za su shiga harama daidai da mu, ba ragi, alhali ko zare ɗaya ba su sauya ba. Baffa ya waiwayo ya dube ni, bai ce komai ba.

Muka yi niyya. Labbaikallahumma Umratan. Kalmomin ba su ɗauki daƙiƙa uku ba, amma daga wannan lokaci turare ya haramta gare ni, da aski, da yanke farce, da rufe kai, da ɗinkakkiyar tufa, da farauta, da ɗaura aure, da kusantar iyali. Na bi su ɗaya bayan ɗaya a zuciyata, na ga babu ƙazanta ko ɗaya a cikinsu. Turare abin so ne ga Annabi. Aure sunna ne. Yanke farce ma ai tsafta ce, da safiyar nan aka umarce mu da shi. Ashe ba dauɗa aka ce mu nisanta ba, halal ɗinmu aka ce mu ɗauke hannu daga kanta zuwa wani lokaci. A fiƙihu an koya mana tsarki iri biyu, na kari da na najasa, kuma ruwa ke kawar da su, ko ƙasa ta tsaya a madadinsa idan an rasa shi. Wannan na mikati wani abu ne daban. Shi ne muke kira alfarma: a keɓe abu, a shata masa iyaka, a ce daga nan hannu ba ya wucewa. Harshenmu ma ya riƙe sirrin, don kalmar da muke kiran mayafin da ita, harami, ita muke kiran masallacin da ita, kuma tushenta ɗaya da haramun.

Ban yi minti goma da wannan tunani ba aka jarraba ni. Mun bar sandar Baffa a kujerar gaba kusa da ƙofa, inda ya zauna tun daga masauki, saboda ƙafarsa ba ta lanƙwasuwa sosai. Da muka dawo sai muka tarar wani mutum ya ture sandar ƙasa ya zauna, ya kuma ɗora jakarsa a kujerar gefe. Na yi masa magana cikin ladabi, ya kawar da kai kamar bai ji ba. Na sake, ya ce kujera ba ta da suna. Nan take na ji jinina ya hau, maganganu suka taru a bakina, kuma na san da na saki ɗaya sauran za su biyo. Sai Baffa ya kama wuyan hannuna ya matse. Ya ce a hankali, "Ka ɗaura harami fa." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Na sunkuya na ɗauki sandar, muka ja jiki zuwa tsakiyar mota, na zaunar da shi ta bakin hanya don ya miƙe ƙafa.

Aya ta 197 a Baƙara ta hana batsa da fasiƙanci da jayayya a cikin Hajji, kuma malamai suna jan kunnen mai Umra da ita. Barin turare bai yi min wuya ba, don kwalba ce na ajiye a jaka. Amma fushi ba ya ajiyuwa a jaka. Na fi awa guda ina tafasa a ciki. Abin da ya ƙara min nauyi shi ne mutumin nan Allah ya ba shi murya, kuma shi ya riƙa jan talbiyya daga gaba, mota duka na amsawa. Labbaikallahumma labbaik, labbaika la sharika laka labbaik. Dole na bi muryarsa, don babu wata. Ban san lokacin da abin ya sauka ba. Na dai farga muna tsakiyar baƙaƙen duwatsu ina amsawa da ƙarfi, kuma ban ƙara tuna kujerar ba. Shi kam har muka rabu bai san an yi wani abu ba.

Hanyar doguwa ce, shimfiɗaɗɗiya, ba abin kallo sai duwatsu da rairayi da raƙuma jefi-jefi. Akwai jirgin ƙasan Haramaini da aka buɗe a 2018, wanda ke cinye wannan nisa cikin awa biyu da 'yan kai, amma mu mota muka bi, muka kusa yini da tsaye-tsayen salla. Annabi da sahabbansa sun fi mako guda a wannan tafiya, kai a buɗe, rana na duka, ba turare ba aski. Na tuna Ka'abu ɗan Ujra, wanda kwarkwata ta addabe shi a shekarar Hudaibiyya har tana zubowa a fuskarsa, aka yi masa izini ya aske ya yi fansa da azumin kwana uku, ko ciyar da miskinai shida, ko yanka akuya. Wannan ya tsaya min a rai. Mutum yana cikin hali mafi alfarma da zai iya shiga a rayuwarsa, amma a ido ga shi nan buɗu-buɗu da ƙura, gashi a birkice. Da tsarkakewa ƙyalli ce, da mai harama ne ya fi kowa nisa da ita.

Magariba ta wuce lokacin da muka kusato Makka ta wajen Tan'im. Malam ya miƙe ya ce mu lura, yanzu za mu shiga iyakar Harami. Tan'im ita ce iyaka mafi kusa da Ka'aba, kimanin kilomita 7, kuma daga nan ne Nana A'isha ta ɗauki haramar Umra tare da ɗan'uwanta Abdurrahman, shi ya sa masallacin wurin ke amsa sunanta. Na manna fuska a gilashi don kada abin ya wuce ni. Muka gifta alamar. Kwalta ɗaya ce gaba da baya. Dutsen da ke hagu bai sauya launi ba. Gidan mai a wancan ɓangare, gidan mai a wannan, shaguna da fitilu iri ɗaya. Da ba a kafa alama ba, babu idon da zai gane.

Amma ga abin da ya sauya. A ranar buɗe Makka, shekara ta 8 bayan Hijira, Manzon Allah ya bayyana cewa Allah ne ya haramta wannan gari, ba mutane ba. Ba a zubar da jini a cikinsa, ba a sare ƙayarsa, ba a razana dabbar dajinsa, ba a cire ciyawarsa, kuma ba a ɗaukar tsintuwa sai ga wanda zai yi cigiya. Baffansa Abbas ya roƙa a togace ciyawar izhir saboda buƙatar da mutane ke da ita, aka togace. Ka duba jerin nan da kyau, duk hani ne a kan hannun ɗan'adam. Ƙayar ba ta daina zama ƙaya ba, tana nan tana suka. Kai ne aka ce kada ka sare ta. Tun kafin Musulunci Balarabe kan haɗu da wanda ya kashe ubansa a cikin wannan iyaka ya ƙyale shi, kuma Alƙur'ani ya tuna wa Ƙuraishawa wannan ni'ima a Suratul Ankabut, cewa an ba su harami amintacce alhali ana fizge mutane a kewayensu. Na faɗa wa Baffa cewa na duba ban ga bambanci ba. Ya ce, "Ai ba a ƙasa za ka gani ba." Ya ci gaba da talbiyyarsa.

Sai bayan isha muka shiga Masallaci. Askarawa suka nuna mana hanyar masu keke, wadda ta kai mu bene. Na turo Baffa har bakin shinge, sai ga Ɗakin a ƙasa, baƙi, tsaye cik, mutane na zagaya shi kamar ruwa na juyawa a kwarya. Baffa ya ɗaga hannu biyu, leɓunansa na motsi ba sauti, hawaye na bin gemunsa. Ni ma ban iya komai ba. Duk addu'o'in da na tanada tun Madina suka watse, sai sunan Allah kawai na iya maimaitawa.

Muka fara ɗawafi daga saitin koriyar fitilar da ke nuna kusurwar Hajarul Aswad. Daga bene ba ka ko hango dutsen, sai cincirindon da ke kansa, don haka hannu kawai muka ɗaga muka yi kabbara. Sayyidina Umar ya taɓa tsayawa gaban dutsen nan ya ce ya san shi dutse ne, ba ya cutarwa ba ya amfanarwa, kuma ba don ya ga Annabi ya sumbace shi ba da bai sumbace shi ba. Ina ƙaunar wannan magana, don ta tsare mu daga bauta wa abin da aka tsarkake maimakon Wanda ya tsarkake shi. Tarihi ma ya tabbatar da ita. A shekarar 930 miladiyya wasu 'yan tawaye da ake kira Ƙaramiɗawa suka afka wa Makka, suka ciro dutsen suka tafi da shi gabashin Arabiya, ya yi fiye da shekara 20 a hannunsu, amma alƙibla ba ta motsa ba. Ginin kansa an sake shi ba sau ɗaya ba: Ƙuraishawa sun sake lokacin Annabi yana da shekara 35, Abdullahi ɗan Zubairu ya sake, Hajjaju ya sauya wani sashe, kuma bayan ambaliyar 1630 aka sake gina shi a zamanin Sarkin Usmaniyya Murad na Huɗu. Rigar ma duk shekara sabuwa ake sa masa. Duwatsu sun zo sun tafi, alfarmar tana inda aka ajiye ta.

Muna zagaye na huɗu Baffa ya ɗaga hannu in tsaya. Na sunkuya, ya raɗa min cewa alwalarsa ta warware. Na ga kunya a fuskarsa, irin kunyar dattijo gaban ɗan da ya goya. Ya ce, "Na wahalar da kai, ɗana." Na ce, "Haba Baffa, ai abin da ya kawo mu ke nan." Ɗawafin bene ya fi na ƙasa tsawo nesa ba kusa ba, kafaɗuna sun riga sun yi tsami, kuma wurin alwala yana can waje, sai an ratsa jama'a. Muka fita. Na zuba masa ruwa ya wanke hannu da fuska, ya yi shafar kai. Da aka zo ƙafa ya yi ƙoƙarin sunkuyawa ya kasa. Na durƙusa a jiƙaƙƙen daɓen, na ɗora ƙafarsa a gwiwata na wanke, ina tsettsefe yatsun, ina bin fason dugadugansa da ruwa. Ƙafar da ta yi shekara 70 tana tafiya kafin ta iso nan. Bai ce komai ba, sai na ji tafin hannunsa a kan kaina. Muka koma muka faro daga zagaye na ɗaya, kamar yadda malam ya ce a yi.

A wannan karo na biyu ne na ga masu wanke filin ɗawafi. Daga sama komai a bayyane yake. Wasu ma'aikata suka shigo riƙe da igiya, suka kewaye wani yanki suna tafiya da shi cikin jama'a, wasu na kwarara ruwa da sabulu, wasu na biye a guje suna jan ruwan da dogayen matsefai na roba, na ƙarshe na busarwa. Cikin 'yan mintoci farin marmara ya fito yana sheƙi, igiya ta matsa gaba, ƙafafu suka sake rufe wurin. Kafin mu gama zagaye biyu an sake taka shi kamar ba a wanke ba, kuma na san anjima za su dawo.

Na daɗe ina kallonsu ina tura keke. A aya ta 125 ta Baƙara Allah ya yi alkawari da Annabi Ibrahim da Annabi Isma'il cewa su tsarkake Ɗakinsa domin masu ɗawafi da masu i'itikafi da masu ruku'u da sujada. Ɗakin nasa ne, shi ya ba shi alfarma, amma wankin sai ya ɗora wa bayinsa. Wani lokaci wankin na gumaka ne, kamar 360 ɗin da aka kawar ranar buɗe Makka. Wani lokaci na guga ne kawai, kamar ranar da wani baƙauye ya yi fitsari a masallacin Madina, sahabbai suka yunƙura, Annabi ya ce su ƙyale shi ya gama, sannan a kwarara ruwa a wurin. A wannan dare kuwa aikin yana hannun samarin nan da suka baro ƙasashensu, waɗanda ba wanda ke tambayar sunansu. Ban taɓa jin girman mai shara a zuciyata kamar a lokacin ba. Alfarmar sau ɗaya aka ba da ita, ba ta ƙaruwa da sabulu. Tsaftar kuwa kullum sai an sake, kamar alwalar Baffa.

Mun yi raka'a biyu, muka sha Zamzam, muka wuce Safa. Sa'ayi bakwai ne, kowane kusan mita 400, kuma ƙafafuna ne kawai suka san yadda muka gama shi. A Marwa muka tsaya, dare ya raba.

Wanzamin da muka samu a wajen Masallaci bai ɗauki minti uku a kan kowannenmu ba. Na ga furfurar Baffa na zuba a kan farin mayafinsa, kuma da askar ta yi jan ƙarshe, duk abin da aka hana mu a Zul Hulaifa ya dawo halal. A masauki ya yi wanka, ya sa rigarsa, na miƙa masa hularsa, na ciro kwalbar turaren na shafa masa na shafa wa kaina. Mayafan na yashe a kan kujera, sun yi dauɗa, gefen nawa ya yi baƙi inda na durƙusa. Na ɗauka zan jefa su cikin kayan wanki, sai ya ce in miƙo masa nasa. Ya kakkaɓe gashin da ya maƙale, ya ninke shi gida huɗu, ya sa a ƙarƙashin matashinsa ya kwanta.

Da asuba muka sake fita. Bayan salla, gari ya fara wayewa, na turo shi ta farfajiyar da ke gangarowa zuwa titinmu. Tattabaru sun sauka sun cika hanyar, ɗaruruwa, suna tsattsaga abin da aka watsa musu, ba su ko damu da ƙafafun mutane ba. Na ɗaga hannu zan kore su don keke ya wuce, sai Baffa ya ce, "A'a, ɗana. Mu ne muka kwance harami, su suna cikin nasu." Na sauke hannun, na ja keken baya, muka zagaya ta can gefen bango.